Tsiro a Maɗaciya: Kada a Binne Ta Kafin a Gwada

Mafi yawan waɗanda aka gano musu ƙari a maɗaciya ba shi suka je nema asibiti ba. Wata ta je sikanin ne kan ciwon cikin da aka shekara ana ce masa olsa. Wani ƙodarsa aka tura a duba, sai mai hoton ya ƙara layi ɗaya a ƙasan takarda cewa ya ga tsiro a bangon maɗaciya. Wata kuwa tsakuwa ce ta sa aka cire mata maɗaciyar, ta warke, ta koma gida, 'yan dubiya sun gama zuwa, sai bayan makonni sakamakon gwajin nama ya fito da abin da likitan da ya yi aikin ma bai zata ba. Wannan ciwo ba shi da wata alama tasa ta kansa da farko. Saboda haka gano shi da wuri ya rataya ne a kan takardu biyu, takardar sikanin da aka rubuta da kyau, da takardar gwajin nama bayan tiyata. A wajenmu ta farkon a gurguje ake yawan rubuta ta, ta biyun kuwa sau tari ba a ma nemanta.

Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mahauci ranar Babbar Sallah ya san maɗaciya, 'yar koriyar jakar nan da ke manne a ƙarƙashin hanta, wadda ake cirewa a hankali don kada ta fashe ta ɓata nama da ɗaci. Ta ɗan Adam ma nan take, a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Tsawonta santimita 7 zuwa 10, ruwan da take ɗauka bai fi mililita 50 ba. Hanta ce ke yin ruwan ɗacin, ita maɗaciya ajiya ce aikinta. Ta tara shi, ta kaurara shi, idan an ci abinci mai maiƙo ta matse ta tura shi hanji ta wani siririn bututu. Abin da ya sa likitoci ke tsoron dajin wannan gaɓa shi ne ƙirar bangonta. Siriri ne, idan yana lafiya bai wuce milimita 3 ba, kuma ta gefen da ta jingina da hanta babu fatar waje da ta raba su. Kafin ƙari ya yi wani girma ya riga ya taɓa hanta. A ƙididdigar Amurka, kusan ɗaya cikin biyar kawai ake ganowa tun yana cikin maɗaciya bai fita ba. Waɗanda aka gano a haka, kusan biyu cikin uku suna raye bayan shekara biyar. Waɗanda ya riga ya bazu zuwa nesa ba su kai biyar cikin ɗari ba.

Sai dai kada wanda ke riƙe da takardar sikanin ya tayar da hankalinsa tukuna. Cikin manya ɗari da za a yi wa hoton ciki, kusan biyar za a samu da tsiro a maɗaciya, kuma mafi rinjayen waɗannan ba ƙari ba ne ma. Kitsen kolestarol ne ya taru a jikin bango ya yi ɗan kai, ba ya zama daji. Shi kansa dajin maɗaciya ba ya cikin masu yawa. Cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sababbin masu shi da kusan 116,000 a duk duniya a shekarar 2020, kuma ya fi ta'adi a Chile da Bolibiya da arewacin Indiya. Afirka ta Yamma ba ta cikin yankunan da ya yi ƙamari. Aikin da ke gaban likita, da gaban mai takarda, shi ne a tsamo ɗan kaɗan mai haɗari daga cikin tarin marasa illa, ba tare da an yanka kowa ba, ba kuma tare da an sallami wanda bai kamata a sallama ba.

Komai daga sikanin yake farawa, kuma rabin ingancinsa a hannun majiyyaci yake. A je da ciki babu komai, awa shida zuwa takwas ba a ci ba. Ruwa zalla kaɗan ba laifi, amma ban da shayi da madara, ban da koko da ƙosai. Dalili kuwa, da zarar maiƙo ya sauka hanji maɗaciya za ta matse ta tsuke, bangonta ya yi kauri na ƙarya, ƙaramin tsiro ya ɓuya a cikin naɗi. Wanda ya karya kumallo ya je hoto ya yi asarar kuɗinsa. Mai ciwon suga ya nemi a ba shi layin safe, ya kuma tambayi likitansa yadda zai yi da magani.

A ɗakin hoton za a kwantar da kai rigingine, a shafa man nan mai sanyi, a ɗora kan na'urar a ƙasan haƙarƙarin dama. Za ka ji ana cewa, "Baba, ja numfashi sosai, riƙe." Numfashin ne ke turo hanta da maɗaciya ƙasa su fito daga bayan ƙashi. Daga nan sai a ce ka juya ka kwanta ta gefen hagu, wani lokaci ma ka zauna ko ka miƙe. Wannan juyin shi ne zuciyar gwajin. Tsakuwa tana gangarawa idan an juya, kuma tana jefa baƙar inuwa a bayanta a fuskar na'ura. Tsiro yana nan manne inda yake, ba ya motsi, ba shi da inuwa. Akwai kuma laka, wato ruwan ɗaci da ya yi kauri ya dunƙule, wadda kan yi kama da ƙari har ta ruɗi mai hoto. Ita a hankali take zamewa idan an yi haƙurin jira, kuma idan aka kunna launin da ke nuna gudun jini ba a ganin jini a cikinta, alhali ƙari na gaske jijiya ke ciyar da shi. Idan an gama maka sikanin maɗaciya cikin minti biyu ba a ce ka juya ba, ban ɗauke shi gwajin da za a gina hukunci a kansa ba. Ka sake a wajen likitan hoto ƙwararre.

Takardar da za a ba ka kada ka karɓa ka ninke ka sa aljihu. Tsaya ka duba. "An ga tsiro" kawai ba bayani ba ne. Dole a rubuta girmansa da milimita, guda nawa ne, yana da siririn wuya yana reto ne ko zaune yake daɓas da faɗin gindi, mene ne kaurin bangon, akwai tsakuwa tare da shi ko babu, bututun ruwan ɗaci ya buɗe fiye da kima ko bai buɗe ba, kuma yaya hantar da ke maƙwabtaka da shi take. Idan babu awon, ka koma cikin ladabi ka ce, "Ranka ya daɗe, milimita nawa ne?" Ba rashin kunya ba ne. Duk shawarar da za a yanke nan gaba a kan wannan lamba za ta tsaya. Ƙanana da yawa masu wuya galibi kolestarol ne. Guda ɗaya tilo, babba, mai faɗin gindi, a jikin dattijo ko dattijuwa, shi ne abin sa wa ido.

Ƙungiyoyin likitocin hoto da na tiyata da na ciki na Turai sun fitar da ƙa'ida a 2017, suka sabunta ta bayan 'yan shekaru. Tsiron da ya kai milimita 10, wato santimita ɗaya, ana ba da shawarar a cire maɗaciyar, muddin mutum zai iya ɗaukar tiyata. Tsakanin 6 da 9, sai a duba mai shi. Idan ya haura shekara 60, ko tsiron mai faɗin gindi ne, ko wani sashe na bango ya wuce milimita 4, ko yana da wata cutar da ke ƙanƙance bututun ruwan ɗaci a hankali, ko asalinsa mutumin Asiya ne, to shi ma cirewa ta fi. Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, a sake hoto bayan wata shida, bayan shekara ɗaya, bayan shekara biyu. Bai ƙaru ba, a rabu da shi. Ya ƙaru da milimita 2 ko fiye, a koma wajen likitan tiyata a sake lissafi. Wanda bai wuce milimita 5 ba a jikin mutumin da ba shi da waɗancan abubuwa, ba ya bukatar ko bibiya. Likitocin hoto na Amurka sun fito da tasu a 2022 wadda ta fi sassauci, sai tsiro ya kai milimita 15 suke tura mutum kai tsaye ga likitan tiyata. Ni dai na fi karkata ga ta Turai a wajenmu, domin sassauci yana aiki ne inda mutum zai dawo ranar da aka ce ya dawo, mu kuwa "bayan wata shida" kan zama bayan shekara uku, idan ciwo ya kayar da mutum.

Idan bibiya aka ɗora ka a kai, ka riƙa komawa wuri ɗaya, da tsohuwar takardarka a hannu. Bambancin milimita ɗaya ko biyu yana iya fitowa daga hannun mai awo ko daga na'ura, ba daga tsiron ba.

Kaurin bango shi kaɗai ba ya nufin daji. Ciwon hanta, ciwon zuciya mai tara ruwa, ƙarancin furotin a jini, da kumburin maɗaciya na yau da kullum duk suna kaurara bangon, amma su ko'ina suke kaurara shi daidai wa daida. Wanda ake tsoro shi ne kauri a gefe guda, mai gargada, ko kuma a nemi maɗaciyar a rasa, sai wani dunƙule da ya cike gurbinta ya shige cikin hanta, wataƙila da tsakuwa binne a tsakiyarsa. Wannan siffa ta ƙarshe ita ce aka fi gani ga waɗanda suka zo a makare.

Maganar makara ta kawo mu ga olsa. Kusan duk ciwon da ya tsaya a saman ciki a ƙasar nan olsa ake kiransa, kuma kemis na bakin layi yana da maganinsa. Ciwon tsakuwar maɗaciya yana da nasa salo. Yakan taso bayan cin abu mai maiƙo, sau da yawa da dare, ya riƙe ƙasan haƙarƙarin dama ko tsakiyar saman ciki, ya harba zuwa allon kafaɗar dama, ya yi rabin awa zuwa 'yan awoyi da tashin zuciya, sannan ya saki. Duk wanda ya sha maganin olsa na makonni bai ga sauƙi ba, musamman mace da ta haura arba'in, ya cancanci sikanin. Mata sun ninka maza biyu zuwa uku a dajin maɗaciya. Abin da ya kamata 'ya'ya su lura da shi a jikin iyaye shi ne sauyin salo. Hajiya ta shekara goma tana fama da ciwon da ke zuwa ya tafi, yanzu ya zauna ba ya tafiya, abinci ya fita ranta, zane ya fara yi mata yawa, ko ta ce tana jin wani tauri a gefen dama. Wannan ba na ƙara kwalbar magani ba ne, na asibiti ne cikin makon nan.

Sai kuma shawara. Ido ya yi rawaya, hankalin kowa ya tafi ga ciwon hanta, kuma da hujja, tunda binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan takwas cikin ɗari na manyan Najeriya suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B. Wasu kuma saiwar rawaya za a jiƙa musu a yi ta sha. Amma akwai shawarar da toshewa ce ke kawo ta, ruwan ɗaci ya rasa hanyar sauka hanji ya koma jini. Alamarta fitsari ya yi duhu sosai, bayan gida ya koɗe ya yi fari-fari, ga ƙaiƙayi mai hana barci ba tare da ƙurji ba. Irin wannan ba jiƙon da ke buɗe ta. Tsakuwa ce ta faɗa bututu, ko ƙari ne ya danne shi, na maɗaciya ko na bututun kansa ko na kan gaɓar da ke samar da insulin. Tun 1890 wani likitan tiyata na Suwizalan, Ludwig Courvoisier, ya lura cewa idan mai shawara yana da maɗaciya kumburarriya da hannu ke iya taɓawa kuma ba ta ciwo, da wuya tsakuwa ce sanadi. Har yau ɗaliban likita suna haddace wannan. Idan kuwa shawara ta haɗu da zazzaɓi da rawar ɗari da ciwon gefen dama, ƙwayoyin cuta ne suka shiga bututun da ya toshe, kuma ba a kwana da shi a gida.

Gwajin jini mataimaki ne, ba alƙali ba. Gwajin aikin hanta, wanda ake rubutawa LFT, yana nuna inda matsalar ta karkata. Idan ALP da GGT da bilirubin ne suka yi sama, toshewa ake zargi. Idan ALT da AST ne suka yi tsalle, naman hantar ne ke ciwo. Wanda ke yawan ruɗa mutane shi ne CA 19-9, wanda wasu ɗakunan gwaji ke tallatawa a matsayin gwajin daji. Iyakarsa ta lafiya 37 ce, amma toshewar tsakuwa kawai tana iya cilla shi sama ƙwarai babu daji ko kaɗan. Ta ɗaya gefen kuma akwai mutanen da jikinsu ba ya yin wannan sinadari sam saboda nau'in jininsu, kuma a cikin baƙar fata sun kai kusan ɗaya cikin biyar, ninki uku ko fiye na Turawa. Irin wannan mutum ko ƙari ya cika masa ciki sakamakonsa zai fito lafiya lau. Kada wanda ya kwantar da hankalinsa saboda wannan lamba ta yi ƙasa, kada kuma wanda ya fara rabon gado saboda ta yi sama.

Tsakuwa ita ce babbar abokiyar tafiyar wannan daji. Bakwai zuwa tara cikin goma na masu shi suna da ita, saboda gogar bango da kumburi na shekara da shekaru. Amma a juya lissafin, cikin masu tsakuwa 'yan ƙalilan ne ƙwarai suke kamuwa. Chile, inda ciwon ya addabi mata, ta shigar da cire maɗaciya cikin ayyukan da gwamnati ta lamunce wa masu tsakuwa 'yan shekara 35 zuwa 49 tun 2006. Mu ba mu kai can ba, tsakuwar da ba ta damun mai ita galibi ƙyale ta ake yi. Inda ake sake tunani shi ne idan ta wuce santimita 3, ko tana tare da tsiro, ko bangon maɗaciyar ya fara ƙandarewa da alli. Masu sikila suna yin tsakuwa tun suna yara saboda yawan fashewar jini, don haka ciwon gefen dama a jikinsu kada kullum a jingina shi ga tashin ciwonsu, a yi hoto. Akwai kuma taifod. Kaɗan daga cikin waɗanda suka yi ta da gaske, kamar biyu zuwa biyar cikin ɗari, ƙwayar cutar tana zama a maɗaciyarsu shekaru, musamman idan akwai tsakuwa, kuma an tabbatar hakan yana ƙara haɗarin daji. Wannan ba ya nufin duk wanda gwajin Widal ya ce yana da taifod, gwajin da sau da yawa yakan ce akwai alhali babu.

Idan sikanin ya nuna abin zargi, mataki na gaba hoton CT ne, na ƙirji da ciki da mara, wanda ake yi da allurar ruwan da ke haska jijiyoyi. CT babu wannan ruwa ba ya amsa tambayar. Kafin a yi za a gwada ƙoda, kuma ka faɗa idan kana shan metformin, ko ka taɓa samun matsala da irin wannan allura, ko akwai juna biyu. Hoton ne zai nuna ko ƙarin ya shiga hanta, ko kaluluwar da ke ƙofar hanta ta kumbura, ko ya taɓa manyan jijiyoyi, ko ya tafi huhu. MRI, da nau'insa da ake kira MRCP, ya fi fito da bututu dalla-dalla, don haka shi ake so ga mai shawara, kuma ya fi iya bambance daji da wani kaurin bango marar illa mai ƙananan aljihuna a cikinsa. Ka karɓi faifan hoton ko fim ɗin, ba rahoton kaɗai ba. Likitan tiyata da idonsa yake so ya gani.

Duk da waɗannan na'urori, akwai wani irin tsohon kumburi da ke kaurara bango ya manne da hanta, wanda ko a manyan asibitocin duniya ba a iya raba shi da daji sai an cire an duba. Saboda haka idan likita ya ce maka "ina zargi, amma ban tabbatar ba", gaskiya ya faɗa.

Dangi sukan tambaya, me zai hana a soka allura a ɗebo ɗan nama a gwada kafin a yanka? A gaɓoɓi da yawa haka ake yi, amma ban da nan, idan dai ƙarin mai ciruwa ne. Huda maɗaciya na iya zubar da ruwan ɗaci mai ɗauke da ƙwayoyin daji a cikin ciki, ko ta shuka su a hanyar da allurar ta bi. Kuma ko sakamakon ya ce babu, ba za a yarda da shi a fasa aikin ba, tunda allura na iya kuskure wurin. Ana ɗiban nama da allura ne idan hoto ya nuna aiki ba zai yiwu ba, ana son tabbaci kafin a fara maganin daji. Tsoron zubar ruwan ɗacin ne kuma ya sa maɗaciyar da ake zargi ba a kai ta ƙaramin asibiti a cire kamar ta mai tsakuwa. Aikin farko shi ne dama mafi kyau. A nemi asibitin koyarwa, irin na Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko na Maiduguri, ko Babban Asibitin Ƙasa na Yamai ga mutanen Nijar, a tambayi likitan da ya saba aikin hanta.

Yanzu ga inda na fi so a saurare ni. Mutum ne aka cire masa maɗaciya saboda tsakuwa, ba wanda ya yi zancen daji. An fito daga tiyata, ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta kira, "Ina 'yan uwan mai gado na uku?" Ta miƙo roba biyu, ɗaya da tsakuwoyi, ɗaya da naman, wani lokaci da takarda ta ce a kai ɗakin gwaji, wani lokaci ba ta ce komai ba. An riga an kashe kuɗin aiki, na jini, na magani, ga kuma wani kuɗin gwaji. Majiyyaci ya farfaɗo, an yi hamdala. Sai babban wa ya ce, "Tunda an rabu da ita lafiya, a je a binne." Niyyar mai kyau ce, girmama jikin ɗan Adam ne. Amma a cikin maɗaciyoyin da ake cirewa saboda tsakuwa, 'yan kaɗan, ƙasa da ɗaya cikin ɗari, akwai dajin da sikanin bai gani ba, likita ma da ya riƙe ta a hannu bai gani ba. A ƙasashen da ake gwada kowace maɗaciya, kaso mai yawa na wannan daji ta haka ake gano shi, kuma waɗannan su ne suka fi kowa damar warkewa, domin an kama shi yana ƙarami. Idan an binne robar, sai bayan shekara ɗaya ko biyu mutum ya dawo da shawara da ruwa a ciki, lokacin da babu sauran abin yankewa.

Tsakuwoyin naka ne, ka ajiye ka nuna wa 'yan dubiya. Naman na ɗakin gwaji ne. Tun kafin ranar aiki ka tambaya, "Likita, idan an cire, ina za a kai ta gwaji, kuma nawa ne?" Ka sa kuɗin cikin lissafin tiyata tun farko. Idan ku aka ba ku kai, ka tabbata naman yana nutse cikin ruwan fomalin, wanda ya ninka shi yawa sosai, a roba mai faɗin baki da murfi mai kamawa. Ba ruwan famfo ba, ba ruwan gishirin ƙarin ruwa ba, kuma kada a sa a firiza, ƙanƙara tana lalata naman har a kasa karanta shi. A jikin robar a rubuta suna da lambar asibiti da kwanan wata, a haɗa da takardar da likita ya cike. A kai da wuri, kada ta kwana biyu a bayan mota cikin zafin rana. Wanda binnewar ta dame shi ya roƙi ɗakin gwajin tun ranar kaiwa cewa a ba shi ragowar bayan an gama, tunda 'yan yanka kaɗan suke ɗiba.

Idan sakamako ya fito da daji, abu uku za ka nema a cikin rahoton. Zurfin da ya yi a bango, wanda ake rubutawa da harafin T. Bakin bututun da aka yanke, ko yana da tsabta ko ƙari ya kai wurin. Da kaluluwar da ke wuyan maɗaciya, idan an samu an duba ta. T1a, wato bai wuce shimfiɗin ciki ba, da baki mai tsabta, aikin da aka yi ya wadatar. Daga T1b, inda ya taɓa tsokar bango, zuwa sama, ana shawartar aiki na biyu bayan an yi CT ko MRI an ga bai bazu ba. A yanke sashen hantar da maɗaciyar ta kwanta a kai, a kwashe kaluluwar ƙofar hanta, aƙalla shida ake so a samu a gwada. Mutane sukan ƙi wannan aiki saboda suna jin garau, alhali sau da yawa ana tarar da ragowar ƙari a wurin. Wani bincike na manyan asibitocin Amurka da aka buga a 2017 ya nuna waɗanda aka sake yi wa aiki tsakanin mako huɗu zuwa takwas bayan na farko su suka fi daɗewa. Ka ga ashe sakamakon da ya yi wata uku a cikin durowa ya cinye lokacin.

Don haka ranar da ka kai naman ka karɓi rasit da lambar ɗakin gwaji, ka tambayi ranar dawowa, ka rubuta a bangon katin asibiti. Kada ka zauna jiran a kira ka. Mako biyu ya cika, ka je da ƙafarka, ba a gama ba ka sake komawa. Idan an tura ku babban asibiti, ku tafi da rahoton gwajin, da hotunan da aka yi kafin aiki, da kwafin bayanin tiyatar, domin likita na biyu zai so ya san ko maɗaciyar ta fashe lokacin cirewa, da kuma ko an sa ta a jaka kafin a zaro ta idan aikin na kyamara ne. Ku kuma roƙi ɗakin gwajin farko ya ba ku gilasan da aka shafa naman a kai, da dunƙulen kakin da aka daskarar da shi a ciki, wanda suke kira bulok. Da su wani likitan gwaji zai sake dubawa ya tabbatar da zurfin kafin a sa ranar aiki na biyu.